Rawar Mazari a Cikin Kwamfuta

Ƙannena ɗalibai na Yola da Jimeta, da ku masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa, ina roƙonku abu guda. A daren yau, in an ɗauke wuta kuma maƙwabci bai riga ya tayar da janareta ba, ku kunna kwamfutar tafi-da-gidanku, ku ɗora tafin hannu a gefen madannai, wurin da wuyan hannu yake hutawa, ku yi shiru. Wasunku ba abin da za su ji sai hucin fanka. Wasu kuwa za su ji wata siririyar kaɗawa tana ratsa fata, zirrr, ba ta hawa ba ta sauka, jefi-jefi kuma da 'yar ƙara kamar ana tauna gyaɗa a ɗaki na gaba. Da ku na biyun nake magana. A cikin na'urarku akwai faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara suke ce wa had-dis. Duk abin da kuka tara, tun daga hotunan gida har babi na huɗu na kundin kammala digiri, a kansa yake zaune, yana zagayawa sau 90 ko 120 a kowane sakan.

Bahaushe in ya ga mutum yana karkarwa sai ya ce jikinsa na rawa kamar mazari. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya san inda maganar ta samo asali. Mazarin da gululunsa ya zauna daidai, in ta murza shi sai ya tsaya cak kamar ba ya motsi. In kuwa gululun ya karkace, ko gefe guda ya fi nauyi, da an murza sai rawa, kuma iya ƙarfin murza iya tsananin rawar. Abin da ke cikin kwamfutarku ɗan'uwan mazari ne. Ɗan akwati ne na ƙarfe kamar girman tafin hannu, kaurinsa milimita 7 ko 9.5. A ciki akwai faifai ɗaya ko biyu, galibi na gilashi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa a kan sanda guda. Wani siririn hannu yana kai-komo a samansu, a bakinsa akwai allurar da take rubutu da karatu. Allurar nan ba ta taɓa faifan. Iskar da juyin yake tayarwa ce take ɗauke da ita, tana shawagi a wata 'yar rata wadda silin gashi guda ya fi ta kauri sau dubbai. A faifai mai juyi 7,200 a minti, bakin faifan yana wuce allurar da gudun da ya kusa kilomita 90 a awa. Gudun motar da ta bar Jimeta ta miƙi hanyar Numan ke nan, a kan ratar da ido ba ya gani, kuma duk a bisa cinyarku.

Na farkon irinsa da kamfanin IBM ya fitar a 1956 faya-fayai 50 gare shi, faɗin kowanne inci 24, yana juyi 1,200 a minti, kuma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba. Tun daga nan ake ta ƙanƙanta shi ana ƙara masa gudu. Na kwamfutocin tafi-da-gidanka sun daɗe a kan 4,200, suka hau 5,400, sannan a 2003 kamfanin Hitachi ya fito da mai 7,200. Akwai masu 10,000 da 15,000, amma su a manyan rumbunan bayanai ake ajiye su, saboda zafinsu da cin wutarsu sun fi ƙarfin ƙaramar na'ura.

Me mutum yake samu in ya bar 5,400 ya koma 7,200? Allura takan jira faifai ya kawo mata wurin da take nema. A mai 5,400 matsakaicin jiran nan kashi 5.6 ne cikin dubu na sakan, a mai 7,200 kuwa 4.2. Riba ce ta gaske, ana jin ta wajen kunna na'ura da buɗe manyan manhajoji. Sai dai ba kyauta take zuwa ba. Fizgar da ke haifar da girgiza ba daidai wa daida take hawa da gudu ba: in gudu ya ninka biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Ƙarin sulusi a gudu ke nan yana kawo ƙarin kusan kashi 78 cikin 100 a fizga. Ga ƙarin zafi, ga ƙarin jan batir, ga kuma sautin da ya ɗan hau sama zuwa inda kunne ya fi saurin kama shi. Mai shago zai faɗa muku lambar gudun domin ita ce take sayar da kaya. Sauran lissafin ku za ku yi wa kanku.

Shekarun baya ni ma na yi wannan canji. Na cire mai 5,400 aka sa mini mai 7,200 a wani shago a Jimeta. Da rana, cikin hayaniyar kasuwa, ban ji komai ba. Da dare ya yi na ɗora kwamfutar a teburin katako, sai ɗakin ya cika da wani ƙugi mara yankewa, har biron da ke gefe yana ɗan gangarawa. Hankalina ya tashi, na ɗauka an ba ni mai cuta. Da na ɗaga ta daga teburin sai ƙugin ya kusa ɓacewa. A nan na gane teburin ne yake yi mata aikin da ƙwarya take yi wa tsirkiyar goge: tsirkiya ita kaɗai muryarta ba ta zuwa ko'ina, ƙwaryar ce take ɗaga ta. Washegari aka sake buɗewa, aka tarar babu robar da take rungume faifan, kuma cikin sukurori huɗu biyu kawai aka ɗaura. Aka nemo roba, aka cika sukurori, na manna sababbin ƙafafun roba a ƙarƙashi inda tsofaffin suka fita. Faifan nan ya yi mini shekaru yana aiki lafiya lau.

Na kawo wannan ne don kada ku firgita da kowace ƙara. Ƙugi mai ɗorewa a kan murya guda, da 'yar taunar nan lokacin da ake buɗe fayil, numfashin lafiyayyen faifai ne. In ya dame ku, ku duba mazauninsa. Yawancin na'urorin da muke saye na hannu ne, sun bi ta hannaye da yawa kafin su iso Adamawa, kuma a hanya ake yar da roba da ɗan kejin ƙarfen da ke riƙe faifai. Sau da yawa in an buɗe sai a tarar an naɗe takarda an tokare shi da ita. Wannan gyara ne mai arha, kuma haƙƙinku ne ku ce a buɗe a gabanku ku gani.

Akwai kuma ƙarar da ba a kwana da ita. In kun ji ƙas, ƙas, ƙas, a jere, da tazara iri ɗaya, na'urar kuma ta daskare, hannun nan ne yake fita neman hanya ya rasa, ya koma ya sake fita. In kun ji faifan ya taso da gudu ya mutu, ya sake tasowa ya mutu, ko wani siririn kuka kamar ana so a juya abu ya ƙi, to ko dai wuta ba ta isarsa ko wani abu ya cije a ciki. In kuma gurza kuka ji, kamar ana wasa wuƙa a dutse, allura ta sauka a kan faifai, kuma kowane zagaye kankare rubutunku yake yi, sai ku kashe nan take. Haka nan ƙugin da ya canza murya, jiya sumul yau da kaushi, yakan nuna boris ɗin da sandar faifai take juyawa a kansa ya fara gajiya. Jiki magayi, in ji masu iya magana, kuma jikin na'ura ma yana faɗa, sauraro ne ya yi mana ƙaranci.

Kada dai ku rikita ƙarar faifai da ta fanka. Ita fanka muryarta hawa da sauka take yi gwargwadon aiki, kuma in kun kai hannu ga tagar gefe za ku ji iska mai ɗumi. Ƙurar hunturu ita take fara kamawa, ta toshe raga, fanka ta yi ta ihu iska ba ta fita. Faifan kansa a rufe yake, da wata 'yar kafar shan iska mai matata, shi ya sa ƙura ba ta cika shiga cikinsa ba, sai in wani ya kwance murfinsa. Duk wanda ya ce zai buɗe muku cikin faifai a kan tebur a bakin titi ya duba, ku karɓi abinku ku yi masa godiya ku tafi. Ƙwayar ƙura guda ta fi ratar allurar girma nesa ba kusa ba. Haka shawarar a bubbuga shi ko a sa shi a firji, duk ƙara wa ciwo gishiri ne.

Abin da ya fi damuna ma ba girgizar da faifai yake fitarwa ba ce, wadda muke kai masa ce. Layukan rubutun da allura take bi sirara ne ƙwarai, da an ɗan kaɗa ta sai ta kauce, ta jira faifai ya zagayo ta sake gwadawa. A ƙarshen 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems mai suna Brendan Gregg ya tsaya gaban jerin faya-fayai ya kurma musu ihu, na'urar awo ta nuna nan take aikinsu ya yi nawa. A watan Satumba na 2016 bankin ING a Bukares ta ƙasar Romaniya ya gwada na'urar kashe gobara mai fesa iskar gas a rumbun bayanansa. Ƙarar fitar iskar kaɗai ta lalata faya-fayai da dama, katunan banki da injinan cirar kuɗi suka tsaya na kusan awa 10. A 2022 kuma Raymond Chen na kamfanin Microsoft ya ba da labarin abin da ya faru a zamanin Windows XP: wani kamfanin ƙera kwamfuta ya gano cewa waƙar Rhythm Nation ta Janet Jackson tana ɗauke da wani sauti da ya yi daidai da wanda wani samfurin faifai mai juyi 5,400 yake amsawa. In an kunna ta sai na'urar ta tsaya, har da wadda take kusa ba ita ke kunna waƙar ba. Sai da suka sa matatar sauti ta cire wannan murya. Ku lura, mai 5,400 ne, don kada wani ya ɗauka mai jinkirin juyi ya tsira.

To ku dawo da wannan gida. Wane biki ne a Doubeli ko Luggere ba a ganin yaro mai sa kiɗa ya ɗora kwamfutarsa a kan ƙatuwar lasifika, ko a tebur ɗaya da ita? In waƙa ta riƙa sarƙewa sai a ce kwamfuta ta tsufa, alhali gangar da ke dukan ta daga ƙasa ce. Shagunan buga takardu na kusa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Jiha, da yawa tebur ɗaya ne yake ɗauke da kwamfuta da firinta, injin kwafi yana jingine da shi, janareta kuma yana bakin ƙofa a kan daɓe guda da ƙafafun teburin. Ƙannena masu wannan sana'a, raba musu mazauni ba ya cin kuɗi. Ku ba kwamfuta nata ɗan tebur, ku sa guntun tsohuwar taya ko roba mai kauri a ƙarƙashin janareta, ku matsar da shi iya tsawon waya. Abin da za ku shimfiɗa a ƙarƙashin kwamfuta kuma ya zama mai tauri ne wanda ba zai toshe mata kafofin iska ba. Katifa da filo suna kashe ƙugi, amma suna shaƙe ta.

Sai tafiya. Tun da aka hana acaɓa a cikin gari Keke Napep ya zama abin hawanmu, kuma kun san yadda yake da rami da tudun rage gudu. Ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Modibbo Adama zai tsallako gadar Binuwai zuwa Jimeta, ko wanda zai tashi daga Jambutu ya shiga cikin Yola, sau nawa jakarsa take dukan ƙarfen kujera kafin ya sauka? Faifan da yake a kashe yana jure bugu sosai, domin hannun ya koma ya kwanta a ma'ajiyarsa a gefe. Wanda yake juyawa ne abin tsoro. Kuskuren da na fi gani shi ne a gama lacca, a rufe murfi, a cusa a jaka nan take. Rufe murfi ba shi ne tsayawar faifai ba. Yakan ɗauki wasu sakanni, wani lokaci fiye da haka in na'urar tana kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta tana rubutawa, wani lokaci ma ba ta yin barcin sam, ta yi ta aiki a cikin jaka har ta yi zafi kamar dutsen guga. Ku jira kaɗawar nan ta ɗauke a ƙarƙashin hannunku. In tafiyar mai nisa ce, kamar Mubi ko Ganye, ku kashe ta ɗungurungum. Gaskiya ne IBM ya sa wa ThinkPad na'urar jin faɗuwa tun 2003, Apple ya bi sahu a 2005, wadda take janye allura in ta ji na'ura ta kuɓuce. Amma ba kowace kwamfuta ke da ita ba, kuma a wasu samfuran tana bukatar manhajarta, wadda galibi ba a mayarwa in an sake zuba Windows a kasuwa.

Mataccen batir ma yana cikin masu cutar faifai, ko da yake mutane ba su cika haɗa su ba. Batir shi ne yake tare wa na'ura in an ɗauke wuta. In babu shi, duk ɗaukewar wuta da duk tuntuɓen janareta yankewa ce farat ɗaya: hannun ya koma ma'ajiya da ƙarfin tsiya, abin da ake cikin rubutawa ya tsinke a tsakiya. Ga kuma zafinmu na Maris da Afrilu, lokacin da awo yake haura digiri 40 a inuwa. Yawancin masu ƙera faifai sun iyakance aikinsa a digiri 55 ko 60. In iskar ɗaki ta riga ta kai 42, fanka kuma ta toshe, 'yar ratar da ta rage ba ta da yawa, kuma mai 7,200 shi ya fi saurin cinye ta.

Saboda haka in kun je sayen ta hannu, ku nemi a kai ku wuri mai ɗan shiru, ku kara kunne, ku ɗora hannu. Ku kuma sani faifai yana riƙe da nasa katin asibiti a cikinsa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, ku tafi da ita a filas. Za ta nuna muku gudun juyinsa, da awoyin da ya yi yana aiki, da launin lafiyarsa: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja ya lalace. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka wanda ya nuna awa 20,000 ya yi fiye da shekara biyu yana juyi ba dare ba rana, ko da murfin na'urar yana ƙyalli. Kada ku raina rawaya. Binciken da Google ya fitar a 2007 a kan faya-fayai fiye da 100,000 ya nuna wanda aka ga kuskuren farko a fuskarsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Binciken dai ya nuna kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama a katin ba. Shuɗi ke nan ba alkawari ba ne.

In kuma sauri kuke nema, shawarata a yau ba ta da kwana-kwana: kada ku kashe kuɗi wajen hawa daga 5,400 zuwa 7,200. Ku tara ku sayi SSD. Shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, ba allura ba boris, ba ya ƙugi, kuma ramin titi bai dame shi ba. Inda faifan juyi yake kwasar megabayit ɗari da 'yan kai a sakan, SSD na gama-gari yana kwasar kusan 500, wajen nemo ƙananan fayiloli kuwa tazarar ta fi haka nesa. Mai gigabayit 256 ya ishi ɗalibi karatu, kuma gara shi da faifan juyi mai 1,000 da za a cika da fina-finai. Tsohon faifan ku sa shi a ɗan kwalinsa na waje ya zama rumbu a gida, a kan tebur, ba a motsa shi in yana jone. Ku dai yi hattara da jabu, ku sayi sunan da aka sani a wurin wanda zai karɓa in ya ba da matsala. Ku kuma riƙe wannan: faifan juyi sau da yawa yakan yi kuka kafin ya mutu, shi kuwa SSD yana iya tafiya shiru, a wayi gari na'ura ta ce ba ta gan shi ba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan, wata ƙanwa ce a danginmu. Tana ajin ƙarshe, ta gama babi huɗu, saura kwanaki ta miƙa wa malaminta. Ta ce mini ai kusan sati biyu tana jin ƙas-ƙas ɗin, ta ɗauka haka kwamfuta take yi in ta gaji. Ranar da ta kawo mini ita, faifan ya daina amsawa. Abin da muka iya haɗawa shi ne babi biyu da ta taɓa tura wa ƙawarta, da takardun da malamin ya yi wa gyara da jan biro. Sauran sai da ta sake zama ta rubuta, cikin zafin Afrilu, tana kuka tana bugawa. Kwamfutar an gyara ta da kuɗi kaɗan a yini guda. Watanninta ne ba su dawo ba. Ba na so in sake ganin wannan a kan ɗan kowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau kundinku ya kasance a wuri uku: a kwamfuta, a filas da ba ya kwana a jaka ɗaya da ita, da kuma intanet. Google yana ba kowane mai asusu gigabayit 15 kyauta, kuma kundin digiri duka bai kai nauyin ɗan gajeren bidiyo na waya ba. Kowane dare da kuka ƙara shafi, ku tura wa kanku ta imel, ku sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. In kuwa a gwajin nan na daren yau kuka ji ƙas-ƙas, kuma na'urar tana buɗewa har yanzu, kada ku kashe ku kunna don ku gani ko zai daina, kada kuma ku sa manhajar bincike ta yi ta wahalar da shi. Ku jona caja, ku bar ta inda take, ku sa filas. Ku fara da kundin, sai takardun shaida da kuka ɗauka a hoto, sai hotunan iyaye. Fina-finai da waƙoƙi su zo a ƙarshe in faifan ya kai. Da safe ku kai ta wurin mai gyara a kashe, a cikin jaka mai laushi, a kan cinyarku.